Malama Dije Ta Tafi Ba Ta Ƙarasa Min Hikayar Ba

Yau da safe ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta, hedimasta ya kira ni. Wai Malama Dije ta rasu a Roni.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu ina zaune a bakin gado, na kasa fita.

Shekara shida muna koyarwa tare a firamare a Gwiwa kafin ta yi ritaya. Ranar da na fara aiki ita ta raba min tabarmarta da furar da ta zo da ita.

Ba ta faɗa. In ka yi ba daidai ba sai ta ce, "Zo in ba ka wata hikaya."

Na taɓa ce mata, "Inna, ai tatsuniya ce." Ta ce, "A'a, 'yar nan. Tatsuniya ta kowa ce, a yi dariya a watse. Hikaya gajeriya ce, kuma akwai wanda ake nufi da ita. In na ba ki, ki duba kanki."

Ranar da na zane wata ɗaliba cikin fushi, hikaya ta ba ni. Sai da na je gidan iyayen yarinyar na ba da haƙuri.

Wata biyu da suka wuce muka haɗu a tashar Kazaure. Na gaya mata ni da yayata mun daina magana tun rabon gonar mahaifinmu. Ta riƙe hannuna ta fara: "An yi wasu mata biyu, rijiyarsu ɗaya, amma kowacce da gugarta..."

Sai direba ya ce mota ta cika.

Da ta shiga, ta leƙo ta taga ta ce, "Ki kira ni in ƙarasa miki."

Ban kira ba. Ba mantuwa ba ce. Na san ni ake nufi, kuma ban shirya ji ba.

Ɗazu na tambayi malamai uku ta waya, babu wanda ta taɓa ba shi wannan hikayar. Na danna lambarta, ko me nake nema ban sani ba, jikarta ta ɗauka tana kuka.

Allah Ya jiƙanki Inna, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a. Ku haɗa da ni da yayata.