Mikail da Jitar Ketura

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina ɗinki a shagon da ke jikin na Ya Mikail a Maisandari, kuma har yau ban ga mai taurin kai irinsa ba. Sana'arsa naɗin koyil ɗin fanka da na injin ban ruwa, da ita yake ciyar da iyali. Amma abin da ya tafi da zuciyarsa shi ne fikof, ɗan maganaɗisun nan da ake naɗewa da wayar tagulla siririya kamar gashi, a sa shi ƙarƙashin tsirkiyar jita don ya kai sautinta cikin sifika.

A wurin Jude ya koya, wani mai gyaran rediyo ɗan Ibo da suka yi shekara tara a benci ɗaya ba su taɓa yarda da juna a kan naɗi ba. Jude sako-sako yake naɗawa, waya ta hau nan ta sauka can, zagaye kaɗan, wai ita ma waya tana son shan iska. Ya Mikail kuwa layi-layi yake jerawa, tamau, ya ƙara zagaye, sannan ya tsoma a kakin zuma saboda zafin garin nan. Na Jude sautinsa garau, na Ya Mikail mai kauri ne kuma ba ya saurin mutuwa. Musunsu har yakan danne ƙarar keken ɗinkina. A 2012, da gari ya rikice, Jude ya kwashe iyalinsa ya koma Aba, bayan shekara biyu lambarsa ta daina shiga. Ya Mikail bai taɓa cewa yana kewarsa ba. Sai dai ya zage shi sau uku a rana, ni kuma na san abin da hakan ke nufi.

Bara da damina wata malamar firamare, Ketura, ta sauko daga Keke Napep rungume da jitar marigayi mahaifinta, wadda take kaɗawa a cocinsu.

"Baba, ta yi shiru," in ji ta. "Ni dai muryarta nake so ta dawo. In na kaɗa ta sai in ji kamar yana cikin ɗakin."

Ya Mikail ya gane jitar tun kafin a ajiye ta. Fikof ɗinta ne kaɗai, cikin duk aikin Jude, ya taɓa amsa cewa ya fi ƙarfinsa. Ya sha gwada kwaikwayonsa bai dace ba. Ya sa mitar gwajin wuta, ta nuna waya ta tsinke a ciki, kuma babu yadda za a kai ga wurin sai an warware.

Kwana biyu yana warwarewa a hankali, ko fankar mutane bai kalla ba. A rana ta biyu da hantsi na ji shirun ya yi yawa, na leƙa. Na same shi zaune ya zuba wa abin ido.

"Falmata, zo ki gani," ya ce. "Na saman nan da na cire, layi-layi ne. Hannuna ne. Daga nan zuwa ƙasa kuma dubi hargitsin, na wancan mahaukacin ne."

Sai a lokacin ya tuna. Ranar da matar Jude ta fara naƙuda, Jude ya bar naɗin a rabi ya ruga asibiti, shi kuma Ya Mikail ya ƙarasa masa don kada mai jita ya zo ya rasa. Ashe muryar da ya yi shekaru yana hassada ta su biyu ce.

Tsinkewar kuma tana can ƙasa, jikin maganaɗisun, ƙarƙashin naɗin Jude. Ya Mikail ya kira Ketura ya gaya mata gaskiya.

"'Yata, rabin sama ne kawai nawa, tsinkewar kuma tana ƙasa. Wanda ya fara ba ya nan, hannunsa kuma ban iya shi ba. In na taɓa nasa za ta yi magana, amma ba da waccan muryar ba."

Ta ce, "Warware, Baba. Shirun ya fi ciwo."

Ya warware. Ya naɗa sabo, ya yi iya ƙoƙarinsa ya saki hannu, amma hannun da ya saba da tsari ya ƙi yin hauka. Da ta dawo ranar Asabar ta jona jitar a sifikarsa ta kaɗa waƙa guda. Sauti ya fito tas, babu abin kushewa. Ni da ban san komai a kiɗa ba, sai da na ji tausayinsu ya kama ni.

"Ya yi kyau, Baba," ta ce, tana share ido da bakin gyale.

"Ya yi kyau," ya ce, bai ɗago kai ba.