Mai Tsaron Kanwar Mainasara

Kullum da sassafe in Malam Isyaku ya jingine kekensa a Kwanar Dangora, kafin ya gaisa da kowa sai ya ɗaga kai ya dubi gabas. Hadari yake nema. Shi ne mai tsaron sito a shingen masu karɓar fito, inda ake jibge kayan da aka kama.

A 1991 aka tsare motar Mainasara, wani falke daga Nijar, maƙare da kanwa. Aka ce sai ya biya fito, alhali kayan wucewa kawai za su yi. Rigimar ta kai wata kotun ƙasa da ƙasa, ta ce a sakar wa fatake irinsa kayansu. Takarda ta iso, manya suka jefa ta a durowa.

"Ranka ya daɗe, damina fa ta kusa," in ji Malam Isyaku.

Shugabansa ya ce, "Kotu tana can, mu muna nan. Sai umarni ya zo daga sama."

To, ina ruwan kanwa da umarni? Da ruwa ya taɓa ta, narkewa take yi. Rufin siton kuwa yoyo yake kamar kwando.

Direbobi shaida ne. Sun ga Malam Isyaku ya kwance zanan gidansa ya lulluɓe buhuna. Sun gan shi yana kwashe ruwa da ƙwarya, rigarsa sharkaf. Ya yi ta rubuta takardar tuni har aka ce ya cika naci, aka hana shi ƙarin girma. Abin takaici!

Sai bayan damina huɗu umarni ya sauko. Mainasara ya riga ya rasu. Matarsa Kulsumu ce ta zo, ta tsaya kan ɗan abin da ya saura, ko amalanke ba zai cika ba.

"Malam, ita ke nan?"

"Ita ke nan, baiwar Allah. Ki yafe mini."

Kai, Malam Isyaku! Kai ne ka hana kanka sakat a kan kayan baƙon da ba danginka ba. Yau ka yi ritaya da kekenka da tsufanka. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Ku kuma masu durowa, ku dube shi ku ji kunya. Ku kuka danne takardar, amma shi ya nemi gafara.