Sheburin Kofur da na goge

Baba Ɗanjumma ya rasu. Ina buɗe shago da safen nan aka kira ni aka gaya mini, na tsaya da kwaɗo a hannu na rasa inda zan ajiye shi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon makaniki ne a nan Kaura Namoda, mai tara kayan aikin sojojin da: sifana, filaya, diga, adda. Ranar kasuwa har Shinkafi da Zurmi yake zuwa, ya tsuguna gaban masu tsofaffin ƙarafa yana tono. Abin da kai za ka kira bola, shi sai ya tofa masa yawu ya murza da babban yatsa, ya nuna maka 'yar alama kamar sawun kaza.

"Ka ga wanga? Na gwamnatin Turawa ne. Ya girmi ubanka."

A wurinsa na fara riƙe guduma kafin in koma walda. Ban taɓa zuwa gidansa na fito ban ci tuwo ba. Ran da tartsatsi ya shiga idona, shi ya goya ni a mashin zuwa asibiti, yana tafe yana yi mini faɗa.

Shi ya koya mini yadda ake cire tsatsa: a jiƙa ƙarfe cikin kalanzir kwana uku, a bi shi da buroshi a hankali, a shafe da mai. Ya ce alamar nan ita ce shaidar abin, in ta tafi ƙarfe kawai ya rage.

Na ji da kunnena. Ba zan ce ban sani ba.

Bara ya kawo mini wani ɗan shebur, ƙusar da ke riƙe da ƙotarsa ta yi lam-lam. Na mahaifinsa ne, Kofur Audu, da shi ya dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa. A wuyan sheburin, Kofur ya buga lambarsa ta soja da bakin ƙusa, ɗigo-ɗigo, da hannunsa. Ba hoto, ba takarda. Abin da Baba yake da shi na ubansa ke nan.

Ƙusa kawai ya ce in canza.

Ni kuwa a satin na sayi sabon injin goge ƙarfe, hannuna na ƙaiƙayi. Na ce bari in burge tsoho. Na goge shi tas, na fesa masa koren fenti. Har na ɗauki hoto na sa a nan, wasunku za su tuna. Kun yi ta kwament kuna cewa aiki ya yi kyau, ni kuma kaina na ta kumbura.

Da ya zo karɓa, ya kai yatsa wuyan sheburin yana lalube. Ya juya shi ya sake lalubawa. Ya daɗe.

"Ya yi kyau, Nasiru," ya ce. "Sai dai yanzu ban san na wa ne ba."

Ya saƙale shi a bayan mashin ya tafi.

Wata bakwai ina zagaye layinsu. Kunya ta hana ni, kuma in faɗi gaskiya har da girman kai. Kullum sai in ce Juma'a mai zuwa zan je in durƙusa.

Ganina na ƙarshe da shi a kasuwar Shinkafi ne, sati uku da suka wuce. Na hango shi na sunkuyar da kai, ashe ya riga ya gan ni. Ya yafuto ni, ya miƙo mini wata sifana.

"Duba min wagga, idona ya tahi. Kai ka san alama."

Na duba na ce ta gaske ce. Ya yi dariya ya ce ya san bai yi asarar koyarwa ba. Maganar tana bakina, wallahi tana bakina. Sai na ji kaina ina cewa zan shigo gida mu gaisa.

Ban shiga ba.

Yau da na isa gidan, na tarar da babban ɗansa Lawali, direban da ke zaune a Zurmi, ya zube kayan Baba a tsakar gida yana bi ɗaya-ɗaya. Baba ya bar wasiyya a ƙarasa haƙa kabarinsa da sheburin Kofur. Masu haƙa na can suna jira. Koren sheburin yana jingine a bango, Lawali ya ture shi gefe ya ce wannan na kasuwa ne, na kakansu yana da lamba a wuya.

A nan na gane Baba bai gaya wa kowa ba. Ko 'ya'yansa. Wata bakwai yana rufa mini asiri ina gudunsa.

Na ɗauko sheburin a gaban mutane na ce, "Yaya Lawali, shi ne wannan. Ni na goge shi."

Ya kai yatsa wurin ya shafa, ya dube ni. Ya karɓa ya miƙa aka tafi da shi maƙabarta.

Mun rufe Baba bayan azahar. Na roƙi Lawali gafara ya ce ya ji. Wanda ya kamata in roƙa yana ƙasa.

Ya Allah ka jiƙan Baba Ɗanjumma da mahaifinsa, ka haskaka kabarinsu, ka rufa masa asiri ranar tsayuwa yadda ya rufa mini. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. In da saura, ku roƙa mini Allah ya sa Baba ya yafe mini kafin ya cika.