Motar da Wendell Hruska Bai So A Gama Ba

Wendell Hruska mai walda ne a wata masana'antar taya a jihar Ohio ta Amurka, mutum marar yawan magana. Da matarsa Loretta ta fita ta auri wani, alƙali ya yanka masa Asabar kaɗai da ɗansa Dale. Ranar takan yi musu tsawo. Su zauna gaban talabijin har a zo ɗaukar yaron.

Sai Dale ya ce zai shiga tseren gangara na bazara, inda yara ke sako motocin katako marasa inji daga kan tudu. Ƙa'ida ita ce yaro ya ƙera da hannunsa, uba ya nuna kawai. Bana ce kuma damar Dale ta ƙarshe, don baɗi shekarunsa za su wuce na shiga.

Cikin hunturu Dale ya kwanta a kan falanki a gareji, Wendell ya zagaye jikinsa da fensir, don a kan jikin direba ake gina motar, matsattsiya, kada iska ta riƙe ta. Tun daga nan yaron ya fara zuwa da sassafe, ba ya tafiya sai an yi ta masa hon. Har dariya Wendell ya ji yaron ya yi.

Abin da ya tsorata shi ke nan. In aka gama motar, me zai sake kawo Dale?

Sai ya shiga bin aikin a tsakiyar mako. Ya sassauta noti, ya ɗan karkata ƙarfen taya, ya ɓamɓare abin da gam ya kama. Ran Asabar ya girgiza kai ya ce, "Sai mun sake, ɗana. Katakon bai bushe ba."

Maƙwabcinsa Floyd yakan leƙo ta kan shinge. "Kai Hruska, mota ce wannan ko jirgin Nuhu? Kafin ku gama yaron ya yi gemu!"

Ba su rufe jikin motar ba sai safiyar da za a duba motoci. A filin makaranta, a gaban jama'a, mai dubawa ya ce direba ya shiga. Dale ya zura ƙafafu, ya sunkuya, kafaɗunsa suka ƙi wucewa. Ya karkace, ya matsa, har katako ya yage masa riga. Yaron ya girma, ba jikin hunturu ba ne kuma.

"Ayya, samari," in ji mai dubawa. "Da watan jiya kuka gwada, da kun buɗa ta. Yau ake rufe rajista."

Wendell ya durƙusa yana shafa gefen motar. "Zan fere cikin. Ku ba ni zuwa azahar."

"Bari, Baba," in ji Dale, murya ƙasa-ƙasa. "Ni nake ɗaure notocin nan, na san yadda nake barinsu. Tun tuni na gane."

"To, me ya hana ka magana?"

"Na ɗauka ka san inda za ka tsaya."

Tare suka ɗora motar a bayan a-kori-kura. Dale ya ce zai taka da ƙafa.

Da mako ya zagayo, Loretta ta bugo waya ta ce yaron ya sami aikin yankan ciyawa, duk ranar Asabar.

Wendell ya ce, "To, madalla. Aiki yana da kyau."