Ranar da Malam Habu ya kai likita ruga

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina shan koko waya ta shigo: Malam Habu Disfensa ya rasu a Rano.

Tare muka yi aiki a wani ƙaramin asibiti, gab da samun 'yancin kai. Shi ke duba marasa lafiya, ni ke riƙe da rajista: suna, gari, ƙabila, ciwo. Da na zo ba ni da masauki, ya ba ni ɗaki a gidansa, kuma kwano ɗaya muke ci.

Akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa, yau zan faɗe shi.

A lokacin, Bafulatanin ruga ba ya shiga layi ya ce ba shi da lafiya a gaban jama'a, kunya ba ta barinsa. Sai ya aiko abokinsa na kasuwa ya karɓo masa maganin tari. Na san da haka sarai. Amma don lalaci, wanda ya tsaya a gabana shi nake rubutawa: Bahaushe, tari.

Sai likita Bature ya zo daga Kano ya bi rajistar shafi-shafi. Ya ce tarin nan mai jini na Hausawan gari ne, Fulani ba sa yin sa, don haka motar gwajin tarin da za a turo ba za ta shiga rugagen Kibiya ba.



Malam Habu ya ce, "Ranka ya daɗe, littafin nan ba daidai yake ba."

Likita ya ce, "Wa ya rubuta shi?"

Ina tsaye a bayansa. Wallahi ko motsi ban yi ba.

"Asibitin a hannuna yake," in ji Malam Habu. "Ni za ka tambaya."

Likita ya ce gobe a kai shi ruga. In bai ga mai ciwo ba, mota ba za ta je ba, shi kuma Malam Habu ya nemi wani aikin.

Washegari muka je wata ruga bayan Nariya. Duk wanda aka tambaya sai ya sunkuyar da kai ya ce "Jam," wato lafiya lau. Tsofaffi jam, matasa jam. Likita ya fara duban agogo, direba ya tada mota.

Malam Habu ya ja Arɗo gefe, inda surukan Arɗon ba za su ji ba, na bi su da rajista a hannu. Bai tambaye shi wa ke ciwo ba. Cewa ya yi, "Baffa, bana su wa suka daina fita kiwo?"

Sai Arɗo ya fara kiran sunaye. Da ya zo kan ɗansa na fari, wanda bakinsa ba ya iya kiran sunansa, sai ya ɗaga sanda ya nuna wata bukka.

Likita ya shiga, ya tarar da shi kwance yana tarin jini. Da ya fito sai ya ce a kashe mota.

Motar gwaji ta zaga rugagen nan kaf. Amma saboda rajistar nan, takardar gargaɗi ta shiga fayil ɗin Malam Habu, ƙarin girmansa ya makara. Nawa fayil ɗin fes.

Bayan sallar layyar da ta wuce na je gaishe shi. Idonsa ya tafi, amma ya gane muryata. Na ce, "Yaya, maganar rajistar nan..."

Ya katse ni. "Idi, har yanzu? Kai ka ji tsoro, ni ma na ji tsoro. Bakina ne kawai ya riga ni." Ya yi ta dariya, ya hana ni ƙarasawa.

To, bari in ƙarasa yanzu. Ni na rubuta, ba shi ba. Iyalansa su sani, 'ya'yana ma su sani.

Ya Allah, yadda bawanka ya rufa mini asiri a gaban mutane, ka rufa masa a gabanka. Ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya wuce sai ya yi wa Malam Habu addu'a.