Ranar da Aka Auna Ɗan Baffa

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta zuba waken suya a kasko tana soyawa, ƙanshin ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar shinkafa. Wani in ya ji wannan ƙanshi yunwa ce take taso masa. Ni kuwa haushi yake taso mini, tsohon haushi wanda na ɗauka shekaru sun cinye shi, ashe yana nan kwance. Na ajiye farantin na dafe goshi, har jikana ya tambaye ni ko kaina ne yake ciwo.

A wani ƙauye da ke bayan Garo na tashi, a gidan kakata ta wajen uba. A gidan akwai ɗakinta, da sashen Baba da Inna, da sashen Baffa, ƙanen mahaifina, da matarsa. Ina 'yar shekara tara ko goma aka shiga zamanin nan da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Mu yara ba mu san aljihun wa ake nufi ba, mun dai ga Baba ya dawo daga Kano da akwatinsa da tabarmarsa, an sallame su daga masaƙar da yake aiki. Taki ya gagari talaka, gona ta ƙi bayarwa kamar da. Sabulu ya zama abin ɓoyewa a ƙarƙashin gado, shayi kuwa sai dai labari. Tuwon dare ake ɗumamawa da safe in ya kwana, in bai kwana ba a dama koko tsararo wanda kana iya ganin gindin kwano ta cikinsa.

A cikin wannan hali aka yaye ƙanwata, saboda Inna ta sami wani cikin. Ni aka damƙa wa goyonta. Wanda bai taɓa goyo ba ba zai gane abin da zan faɗa ba, amma baya yana sanin nauyin yaro fiye da ido. Yarinyar da a da take sa ni nishi in na tashi da ita, sai ta koma kamar na goya ɗan ƙunshin wanki. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, cikinta ya fito, ƙafafuwa suka tsotse. In an ajiye ta a tabarma nan za ka dawo ka same ta, tana bin mutane da ido. Kaka ta ce haƙori ne. Da haƙoran suka gama fitowa ta ce shawara ce, aka jiƙa saiwoyi aka ɗura mata.

A lokacin ne aka turo wata malama ɗakin shan magani na yankinmu. Mace ce mai faram-faram, ba ta da ƙyamar mutane, tana zama a tabarma ɗaya da matan ƙauye. Duk mako takan tara masu ƙananan yara ta koya musu yadda ake haɗa garin kunu: a soya waken suya, a soya gyaɗa, a haɗa da gero a niƙa, in da hali a sa ɗan busasshen kifi da manja. A wurinta na fara jin ƙanshin nan. Ta kuma ce a riƙa ba yara ƙwai, abin da ya sa tsofaffi suka yi ta salati, don a wurinsu yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Mafi muhimmanci, yaran da ta ga sun rame takan auna wa iyayensu kwano guda na garin su tafi da shi gida. Ƙanwata tana cikinsu.

Inna tana da kaza guda ɗaya, wake-wake mai ɗigon fari da baƙi, mai yawan ƙwai. Sai ta riƙa zare ɗaya a ɓoye ta dafa a cikin tukunyar ruwan zafi, ta miƙo mini in kai yarinyar bayan rumbu in ba ta, in binne ɓawon kada Kaka ta gani. Da kunun malama da ƙwan nan, a hankali ƙanwata ta fara dawowa. Ba ƙiba ta yi ba, kada in yi ƙarya. Amma ta fara fizge mini ɗankwali, ta fara dafa bango tana son miƙewa. Ranar da ta cije ni a kafaɗa na yi ihu, Inna dariya ta yi har da hawaye.

Farkon damina, shuka ta fara rufe ƙasa, sai mai unguwa ya aiko gida gida. Wai baƙi za su zo daga Kano su ga ko karatun da malama take yi wa mata ya yi amfani. Za su shiga gidaje su tambayi abin da ake ci, su auna yara. Saƙon bai tsaya nan ba. Ya ce matar nan ta yi mana ƙoƙari, kada wanda ya kunyata ta a gaban manyanta, kada kuma a kunyata gari. Kowa ya share gidansa, kowa ya san abin da zai faɗa.

Ai kuwa Kaka kamar jira take. Mace ce da in ka ce mata sannu da wahala sai ta tambaye ka wace wahala ka gani. Mijinta a zamaninsa ya ciyar da mutane, rumbunansa ba sa ganin ƙasa, kuma ita a ranta gidan yana nan yadda ya bar shi. Ko ranar da ba a ɗora komai ba takan sa a hura wuta a ɗora ruwa, don maƙwabta su ga hayaƙi. Ranar da baƙin za su zo, tun da sassafe ta sa aka share tsakar gida har aka yayyafa ruwa. Aka aro shinkafa a gidan liman. Sannan ta dubi Baffa ta ce ya kamo kazar nan ya yanka, baƙo ba zai shigo gidanta daga birni ya fita da bakinsa a bushe ba.

Na dubi Inna. Tana durƙushe tana wanke tukunya, hannunta ya tsaya cak, amma ba ta ɗago ba. Suruka ba ta musu da uwar miji, balle a kan abin da za a yi wa baƙo. Ita ce ma ta fige kazar da hannunta.

Da aka ji ƙarar mota a bakin gari, Kaka ta kira ni. Ta dubi yarinyar da ke bayana, ta dube ta sosai, kallon da ya nuna mini ta san ba haƙori ba ne, ba kuma shawara ba.

"Shige da ita ɗakina, ki saki asabari," in ji ta. "Kada in ga ƙeyarki sai sun tafi."

Na shiga na tsaya a bayan asabarin ina leƙe ta tsakanin tsinkayen. Mata biyu ne suka shigo, ɗaya babba mai tabarau, ɗaya budurwa riƙe da takardu da wani ma'auni mai ƙugiya. Aka shimfiɗa musu tabarmar Sallah. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta hanya da ta damina. Sai babbar ta juya wajen Inna ta ce ta faɗa mata duk abin da yaran gidan suka ci tun daga safiyar jiya. Inna ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Kafin ta buɗe baki Kaka ta karɓe.

"Alhamdulillahi, 'yata. Da safe kunun nan na malama, da gyaɗa da waken suya. Da rana wake da manja. Da dare tuwo da miyar zogale da ɗan kifi. Ƙwai ma muna ba su."

Wai ƙwai ma muna ba su! Matar da in ta ga ɓawon ƙwai a hannuna sai na sha rankwashi. Karatun malama ta mayar musu tsaf, ita da ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa wurin ba, a bakin mata ta tsince shi. Jiyan da take magana a kai kuwa, ban da ɗan kunun ƙanwata, koko muka sha da safe, da rana aka kwaɗa tafasa, da dare tuwon dawa da miyar kuka wadda ko daddawar kirki babu. Budurwar tana ta rubutu tana gyaɗa kai, ga ƙanshin kaza ya cika gidan yana ba Kaka shaida.

Sai suka ce a kawo ƙaramin yaron gidan a auna. Kaka ta miƙa hannu ta ɗauko ɗan Baffa daga cinyar uwarsa. Shi bai kai yaye ba, yana shan nono, kumatunsa kamar an hura. Aka rataya ma'aunin a reshen darbejiya, aka zura shi cikin ɗan wandon awo, yana ta wutsil-wutsil yana tsala ihu. Matan suka yi dariya suka ce tubarkalla. Babbar ta tambaya ko akwai wani ƙaramin. Kaka ta ce sauran duk sun yi wayo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: da ƙanwata ta yi kuka, da sun ji. Tsakaninmu da su asabari ne kawai. Ɗakin da zafi, ga duhu, ga ihun ɗan'uwanta a waje, duk yaro mai ƙarfi da ya tsala nasa. Ita kuwa ta kwantar da kanta a tsakanin kafaɗuna tana numfashi a hankali. Ba ta da ƙarfin da za ta tona wa kowa asiri. Suka ci shinkafa, suka ci kaza, suka yi godiya, Kaka ta raka su har zaure.

Ashe ba gidanmu kaɗai ba ne. Kusan duk garin haka aka yi, kowa ya yi wa malama kara, kowa ya rufa wa kansa asiri. Ana tsakiyar marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, Inna ta tafi karɓar gari da kwanonta, ni ina biye da goyo. Muka tarar da malama tana ɗaure kayanta. Ta ce an yaba mata ƙwarai, an ce yankinmu ya koyi darasi yara sun murmure, saboda haka an ɗauke shirin da garin kunun an mayar wani wuri da ya fi mu buƙata, ita ma can za ta. Ta dubi ƙanwata, ta dubi matan da suka taru, idonta ya kawo ruwa.

"Don Allah me ya sa kuka ce musu kun ƙoshi?"

Muka dawo da kwano a kife a ka.

Babu kunu, babu kaza, babu ƙwai. Ƙanwata ta saki bangon da ta fara dafawa ta koma tabarma. Sau biyu a wannan damina na ga Inna ta sa kunne a ƙirjinta. Allah ya yi da sauran kwananta, ta kai ga sabon gero, ta rayu. Amma ɗan Baffa da aka haifa bayanta ya riga ta tafiya, ya riga ta magana. Yau tana nan da 'ya'yanta a Gwarzo, in muka tsaya kanta bai wuce kafaɗata ba, kuma haihuwarta ta fari sai da aka yi mata aiki. Ba zan rantse cewa kwanon gari ne da zai canja wannan ba, ni ba likita ba ce. Kaka dai har ta koma ga Allah cewa take gajartar dangin Inna ce yarinyar ta ɗebo, alhali dangin Inna duk dogaye ne.

Na girma ina raba haushina kashi kashi. Ina jin haushin mai unguwa da saƙonsa. Ina jin haushin baƙin, mata masu ilimi, 'ya'yan Hausawa, waɗanda suka san sarai ba a tambayar mutum abin da ya ci a gaban uwar mijinsa, suka kuma aiko da ranar zuwansu kamar masu neman aure. Shin a gidajensu ba a yanka wa baƙo kaza ne? Kaka kuwa, da na yi aure na sami bakin tsokanarta irin ta jika, na taɓa ce mata tsohuwa, ke kika cinye garin ƙanwata da bakinki. Na zaci za ta kai mini duka da carbi kamar yadda ta saba. Sai ta ce, "So kike in zauna a gaban baƙo in ce ɗana ya kasa ciyar da gidansa? Yana zaure yana ji?" Na san ba mugunta ba ce, kuma sanin hakan bai rage mini komai ba.

Shekarun da aka kawo Shari'a wasu masu tambayar suka sake zuwa, ina gidan mijina a Kabo. Su maza ne, suka ce ba za su shiga gidan matan aure ba, suka zauna a zaure suna tambayar maigidana abin da yara suka ci jiya, mutumin da bai san inda muciya take ba. Ina jinsa daga ciki yana jero musu abinci kamar mai karanta kayan walima.

Yanzu an daina rataya yara a reshe. Wata yarinya ce ta zo mana kwanakin baya da hijabinta da waya a hannu, da ɗan zaren awo mai launi da ake naɗa wa yaro a damtse. Zamani ya sake tsananta, ɗana yana fama, kuma ɗan autansu da aka yaye yana bayana, na san abin da bayana yake gaya mini. Yarinyar ta tambayi surukata, matar ɗan nawa, abin da yara suka ci jiya. Surukata ta saci kallona, ta gyara zama, ta ce, "Alhamdulillahi, da safe dai shayi da..."

A nan na gane ni take rufa wa asiri, yanzu ni ce tsohuwar gidan. Na tashi na je madafa na ɗauko tukunyar jiya yadda take, na dire ta a gaban baƙuwar na buɗe murfin. Surukata ta rufe fuska da mayafi don kunya, kuma ranar ba ta ƙara yi mini magana ba. Na bar ta da fushinta. Na kwance goyon na miƙa wa yarinyar.

Na ce, "Wannan ne ƙaramin gidan. Shi za ki auna."