Burtalin da Aka Toshe a Dogon Kiriya

Mun tashi da asuba daga Tibiri, ni da ɗiyata da ƙanen marigayi mijina. Tun da na fita takaba ban je ko'ina ba sai wannan karon. Mijina mai zanen bango ne, kuma aikinsa na ƙarshe yana jikin wani shagon sayar da dusa da gishirin dabbobi a Dogon Kiriya. Ban taɓa ganinsa ba. Ina so yarinyar ta ga hannun ubanta kafin ta manta muryarsa.

Damina ta yi kyau, gero ya kai ƙugu. Kuɗin mota kuwa ya hau, wai mai ya yi tsada, amma ƙofar motar da igiya aka ɗaure ta. A tashar Dogon Dutsi muka ci kopto, wato kwaɗon ganye, da fanke, muka jira motar kasuwa ta cika. Wata Bafillatana ta ɗora mini ƙwaryar nono a cinya ba tambaya, haka na riƙe mata har muka sauka.

A hanya ɗiyata ta nuna turakun da ke gefen titi, ta ce na can nesa ƙanana ne. Maganar ubanta ce wannan. Yakan buga ƙusa ɗaya a tsakiyar bango, ya ɗaura zare, ya ja kowane layi zuwa gare ta. Abin da ke kusa ya yi shi babba da fenti mai kauri, na nesa ya rage shi, ya ƙara masa fari. Ya ce mini a bangon shagon nan burtali ya zana, garke na tahowa gida, har mutum ya ji kamar ya sa ƙafa ya shiga.

Da muka isa, ban gane bangon ba. Shanu ne jajaye, duk girmansu ɗaya, an jera su wata bisa kan wata kamar buhuna. Babu burtali, babu nesa. Ashe wani Alhaji, dillalin shanu, ya sayi shagon, ya sa an gyara masa zanen.

Ya fito yana murmushi, ƙanen mijina ya gaya masa ko su wa muke.

"Allah shi jiƙan shi, Malama," in ji shi. "Amma shanun bayan nan ƙanana yay yi su kamar awaki. Makiyaya na yi min dariya. Ni ban saida saniya ramamma."

Na ce, "Alhaji, ba rama sunka yi ba. Nesa suke."

"Wace nesa ga bango?"

Dillalin da ya ƙare rayuwarsa yana hango garke daga bakin kasuwa, yau bai san saniyar nesa ba. Mijina da tari a ƙirjinsa ya hau tsani ya yi wannan aiki. Na riƙe bakina saboda yarinyar, amma ruwan da aka kawo mini ban sha ba.

Ita kuwa ta hau benci tana shafa bangon. Tsakanin ƙafafun wata jar saniya ta sami ramin ƙusar. Ta sa ɗan yatsa a ciki, ta ce, "Inna, nan ne hanyar take ƙarewa?" Na ce nan ne.

Mun iso Tibiri bayan magariba. Har yanzu ban huce ba, kuma ba zan ce na yafe ba tukuna. Na dai gane cewa bango na mai shago ne, ko wa ya zuba ransa a kai. Da safe na buɗe akwatin mijina, na ba yarinyar zaren da ƙusa, na nuna mata bangon ɗakina.